Sauraron Muryar Oksijin a Cikin Ƙwayar Sukari

A zangon karatu na biyu, muna cikin darasin Kemistiri da 'yan babban aji biyu, mun zana siffar sukari a allo da dukan layukanta da haruffanta. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya taɓa shiga cikin sukari ya ga haka yake a jere?" Aji ya fashe da dariya. Mu kuwa ba mu yi dariya ba, gama tambayar ta fi zanenmu daraja. Kafin mu buɗe baki aka kaɗa ƙararrawa, sai muka ce za mu amsa a mujallar makaranta ta ƙarshen shekara. Alkawari kaya ne, ga shi yau muna saukewa.

Amsar a taƙaice ita ce, ba wanda ya shiga. Amma akwai hanyoyin da masana ke bi su san abin da ke ciki, ɗaya daga cikinsu kuwa ta fi kama da sauraro bisa ga kallo. Sunanta NMR. Za mu bi ta sannu a hankali, mu ɗauki oksijin ya zama misalinmu, domin yana cikin waɗanda suka fi wuyar ji.

Mu fara daga gonar rake

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na Furana, ko Makarfi, ko Kudan, ya san rake, ya kuma san mazarƙwaila. Zaƙin da ke cikinsu na wani sinadari ne da ake kira sukuros, wanda muke rubutawa C12H22O11. Wato kowane molekul ɗaya nasa yana ɗauke da atam 12 na kabon, 22 na haidurojin, da 11 na oksijin. In muka yi lissafin nauyi, molekul ɗin 342 ne, oksijin kaɗai ya ɗauki 176. Ashe fiye da rabin nauyin sukarin da muke sa wa koko, oksijin ne.

Ba a sukari kaɗai yake ba. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Kashi takwas cikin tara na nauyin ruwa shi ne. Wajen kashi 65 cikin ɗari na nauyin jikin mutum ma shi ne. Joseph Priestley na Ingila ya tara wannan iska a 1774, Carl Scheele na Suwidin ya riga shi da 'yan shekaru amma littafinsa bai fito da wuri ba, Antoine Lavoisier na Faransa kuma shi ya raɗa mata suna.

Atam goma sha ɗaya na oksijin da ke cikin sukuros ba aiki ɗaya suke yi ba. Takwas suna riƙe da haidurojin, su ne muke rubutawa OH. Ɗaya ya zama gada tsakanin rabin molekul ɗin biyu, wato gulukos da furuktos. Biyun da suka rage kowanne yana rufe zobe. Ɗaya daga cikin zobban nan mai kusurwa biyar ne, kabon huɗu da oksijin ɗaya, masana kuma suna kiran irinsa furanos, daga sunan wani sinadari furan. Kada 'yan Furana su yi saurin murna, sunan ba daga garinmu ya fito ba. Daga kalmar Latin ce mai ma'anar dusa, domin daga dusa aka samo wani ɗan'uwan sinadarin. Duk da haka ba laifi in kamannin sunan ya taimake ku tunawa ranar jarrabawa.

'Yan'uwa uku masu suna ɗaya

Kowane atam yana da cibiya, a cikin cibiyar akwai furoton da niyutoron, a kewaye kuma ilektoron ke yawo. Duk atam na oksijin yana da furoton 8. Amma yawan niyutoron yakan bambanta, wannan ya sa muke da iri uku: oksijin-16 mai niyutoron 8, oksijin-17 mai 9, da oksijin-18 mai 10. Su ne ake kira aisotof. William Giauque da Herrick Johnston na Amurka su ne suka gano a 1929 cewa na 17 da na 18 suna nan cikin iskar duniya.

Rabonsu ba daidai ba ne ko kaɗan. Oksijin-16 ya kwashe wajen kashi 99.76 cikin ɗari. Na 18 yana da wajen kashi 0.2. Na 17 kuwa wajen kashi 0.038 kacal. A ce an zube ƙwayar gero 10,000 a faifai, huɗu ne kawai za su zama oksijin-17. A cikin sukari, sai an ƙirga molekul wajen 240 kafin a sami ɗaya mai ɗauke da shi.

Abin lura shi ne, wannan ɗan auta shi kaɗai ne na'urar NMR ke iya ji. A cikin na 16 da na 18, furoton da niyutoron duk sun yi bibbiyu, kowanne ya soke ƙarfin abokinsa, cibiyar ta yi shiru. A na 17 akwai niyutoron guda da bai sami aboki ba, shi ya sa cibiyar take da wani hali da ake kira juyi, ta zama kamar ɗan ƙanƙanin maganaɗisu. Ko da yake maganar cibiyar atam ce, babu haɗari irin na makaman nukiliya a nan. Oksijin-17 ba ya fashewa, ba ya fitar da turiri mai cutarwa, yana cikin kowane kofin ruwa da muke sha.

Katantanwa a cikin maganaɗisu

Waɗanda suka yi wasan katantanwa suna yara sun san cewa in ta ɗan karkata ba ta faɗuwa nan take. Takan ci gaba da juyi, kanta kuma yana zagaya sannu-sannu. Haka cibiyar atam mai juyi take yi in an sa ta cikin babban maganaɗisu. Saurin zagayen ya dogara ga abu biyu: irin cibiyar, da ƙarfin maganaɗisun.

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da ma'aunin tesla. A cikin na'ura mai tesla 9.4, wadda ta fi ƙarfin maganaɗisun duniya fiye da sau 100,000, cibiyar haidurojin tana zagaye sau miliyan 400 a daƙiƙa guda, wato megahaz 400. Oksijin-17 a wuri ɗaya yana yin wajen megahaz 54. In aka ƙara ƙarfin zuwa tesla 16.4, sai ya kai wajen megahaz 95, daidai cikin zangon FM da muke kama labarai da shi, tsakanin 88 da 108.

Ga yadda aikin yake. Ana zuba abin da za a bincika a ɗan bututu, a tura shi tsakiyar maganaɗisun, kusa da wata naɗaɗɗiyar waya. Sai a aika masa da igiyar rediyo ta ɗan lokaci ƙanƙani. In saurin igiyar ya yi daidai da saurin zagayen cibiyar, sai ta amsa, ta karkata. In bai yi daidai ba, ko gezau. Wannan ita ce amsa-kuwwa, kamar yadda kwanon rufi ko tagar gilashi kan ɗauki rawa in an buga babbar ganga kusa. Da an tsai da igiyar, cibiyoyin sukan koma yadda suke, suna fitar da wata siririyar murya ta rediyo. Wayar nan ta kama ta, kwamfuta ta rarrabe ta, ta zana ta layi-layi a takarda.

Edward Purcell da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun fara jin wannan murya a watan Disamba 1945, a cikin kakin farafin irin wanda ake yin kyandir da shi. Felix Bloch da nasa mutanen a Jami'ar Stanford sun ji ta cikin ruwa a farkon 1946. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1952. Na'urar hoton asibiti da ake kira MRI jikanyar wannan bincike ce, ita tana sauraron haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki.

Abin da ya mai da NMR kayan aikin masu Kemistiri shi ne, ilektoron da ke kewaye da cibiya sukan ɗan kare ta daga ƙarfin maganaɗisu. Kariyar kuwa ta dogara ga maƙwabtan atam ɗin. Saboda haka oksijin da ke cikin OH muryarsa dabam, wanda ke ɗaure da kabon da igiya biyu, wato C=O, tasa dabam, nesa da ta farkon ƙwarai. Kamar dai uwa ce da ke gane muryar kowane ɗanta daga bayan katanga, har ta san wanda ke da mura.

Me ya sa busasshen abu ya fi wuya?

In aka narkar da sukari a ruwa, kowane molekul yana wuntsilawa sau miliyoyi barkatai a daƙiƙa. Kafin na'ura ta ji shi, ya riga ya fuskanci kowace kusurwa, sai ta ji matsakaiciyar murya guda mai tsabta. A busasshen gari kuwa kowane molekul a kafe yake. Wani ya fuskanci gabas, wani arewa, wani a kwance. Da yake muryar tana sauyawa bisa ga inda ya fuskanta a cikin maganaɗisun, sai muryoyin su cakuɗe. Maimakon siririn layi, sai a ga tudu mai faɗi wanda ba a iya karanta kome a ciki. Wanda ya taɓa tsayawa tsakiyar kasuwar rake ta Makarfi ranar kasuwa, yana neman jin maganar mutum ɗaya, ya san irin wannan.

Oksijin-17 yana da ƙarin matsala tasa. Cibiyar haidurojin ana iya ɗaukarta kamar ƙwallo, wutar da ke jikinta daidai take ta kowane gefe. Ta oksijin-17 ba mulmulalliya ba ce sarai, juyinta kuma 5/2 ne, ba 1/2 irin na haidurojin ba. Saboda haka ilektoron da ke kewaye suna jan ta ta wani gefe fiye da wani, wannan ja kuwa yana ƙara faɗaɗa layin sosai. Ga ƙarancin yawa, ga raunin murya, ga faɗin layi. Dalili ke nan da aka daɗe ana aiki da haidurojin da kabon-13, oksijin yana can baya.

To, me zai hana a narkar da kome kawai a huta? Domin narkarwa tana rushe abin da ake nema. In aka rushe gida, tubalan suna nan, amma ba za a ƙara sanin inda ƙofa take ba. Yadda molekul suke jere, da yadda suke riƙe da juna, ba a iya ganinsa sai a busasshe.

Dabarar mazari

Dabara ta farko ta fito daga Raymond Andrew a Birtaniya a 1958, da Irving Lowe a Amurka a 1959. Tunda molekul ɗin sun ƙi motsi, sai a juya bututun gaba ɗaya kamar yadda tsohuwa ke murza mazari wajen kaɗi. Iska ce ke juya shi, sau dubbai a daƙiƙa, a ƙananan bututu na zamani har fiye da sau 100,000. Amma dole a karkata shi da digiri 54.74 daga tsayuwar maganaɗisun. Turawa suna kiranta kusurwar sihiri, alhali ba sihiri a ciki sai lissafi. Yawancin abubuwan da ke faɗaɗa layin suna tafiya ne da 3cos²θ − 1. Ku buɗe teburin lissafinku: cos 54.74° ya ba da 0.577, in an ninka shi da kansa 0.333, sau uku ya zama 1, a debe 1 saura sifili. Ita ce kuma kusurwar da ke tsakanin gefen akwati mai tsawo da faɗi da zurfi daidai, da zaren da aka ja daga lungunsa na ƙasa zuwa na sama da ke can ɗaya ɓangaren.

Wannan ya wadatar ga kabon-13, amma ga oksijin-17 rage faɗin kawai ya yi, bai kawar da shi ba. Sai aka ci gaba da nema. A 1988 Ago Samoson da Endel Lippmaa na ƙasar Estoniya, tare da Alexander Pines na Amurka, suka ƙera bututu a cikin bututu, kowanne yana juyi a kusurwarsa. A 1995 Lucio Frydman da John Harwood suka nuna cewa da bututu ɗaya ma ana iya samun siraran layuka, in an tsara bugun igiyar rediyon da wayo.

Dabara ta uku ita ce ƙara ƙarfin maganaɗisu, gama ragowar faɗin nan yana raguwa in ƙarfin ya ƙaru. A birnin Tallahassee na jihar Fulorida a Amurka an gina wanda ake aikin NMR da shi a tesla 35.2. Yawancin manyan maganaɗisun NMR naɗin waya ne da ake tsomawa cikin ruwan iskar hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, inda wutar lantarki ke zagaya ba tare da cikas ba.

Sa wa oksijin alama

Saura matsalar ƙarancin yawa. Maganinta shi ne a ƙera molekul ɗin da ruwan da aka tace aka yawaita oksijin-17 a cikinsa, kamar yadda ake ɗaura wa akuya tsumma a wuya don a gane ta cikin garke. Sa alama tsohuwar dabara ce. A 1938 Irving Roberts da Harold Urey sun yi amfani da oksijin-18 suka nuna cewa in asid da alkohol suka haɗu suka ba da esta, oksijin na ruwan da ke fita daga asid ɗin yake. A 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen da abokansu suka nuna cewa oksijin da ganye ke fitarwa daga ruwa yake fitowa. Abubuwan nan biyu muna koyar da su a aji, ga inda aka samo su.

Ribar alamar babba ce. In aka ɗaga oksijin-17 daga kashi 0.038 zuwa kashi 38, muryar ta ƙaru sau 1,000. Da yake sai an maimaita awo sau huɗu kafin tsabtarsa ta ninka biyu, ƙarin sau 1,000 yana rage lokacin aiki sau 1,000,000. Aikin awa ɗaya ke nan a maimakon na shekara 114.

Sai dai irin wannan ruwa ya fi zinariya tsada in an auna giram da giram. A 2017 Danielle Laurencin da abokan aikinta a birnin Montpellier na Faransa suka nuna hanyar tsimi: a zuba garin sinadari da ɗan ɗigon ruwan a ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai ƙwallo a ciki, inji ya yi ta girgiza shi. Turmi da taɓarya ke nan a sabon salo. Gang Wu na Jami'ar Queen's a Kanada kuwa ya shafe shekaru da yawa a kan oksijin-17 cikin sinadaran halittu masu rai. A 2022 shi da abokan aikinsa suka wallafa aikin da suka sa wa kowane ɗaya daga cikin oksijin shida na gulukos alama, suka ji muryar kowanne a busasshen gari. Gulukos kuwa shi ne rabin sukarin da muka zana a allo. Ga amsarki nan, 'yarmu.

Ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu yana cikin ƙwayar magani. Oksijin yakan jawo haidurojin na molekul ɗin da ke kusa da shi, su riƙe juna da abin da ake kira ɗaurin haidurojin. Wannan ɗauri yana cikin abubuwan da ke tsara jerin molekul a ƙwaya, jerin kuma shi ke nuna ko maganin zai narke a ciki da sauri. Hoton eksire yana nuna manyan atam sosai, amma haidurojin mai ilektoron ɗaya tak yana yi masa wuyar gani. Oksijin-17 kuwa yana jin haidurojin da ya matso kusa da shi, muryarsa ta sauya.

Ga misalin da ya nuna girman al'amarin. An fara sayar da ritonavir, maganin rage ƙarfin cutar ƙanjamau, a 1996. A 1998 sai aka ga ƙwayoyin ba sa narkewa yadda ya kamata. Ba a sauya ko atam ɗaya ba. Molekul ɗin ne suka sami sabon jeri mai ɗaurin haidurojin da ya fi ƙarfi. Dole aka janye kafson daga kasuwa, marasa lafiya suka koma shan na ruwa, sai a 1999 aka fito da sabon haɗi. Shi ya sa masu yin magani ke neman kowace hanyar da za ta nuna musu jerin molekul tun kafin magani ya isa hannun jama'a.

Misali na biyu yana cikin gidajenmu kowace damina. Magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu sun samo asali daga atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tato a 1972 daga wani ganye dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Atemisinin yana da oksijin biyar, biyu daga ciki suna riƙe da juna kai tsaye kamar gada. In ƙwayar cutar ta ci jini, sinadarin ƙarfe da ke cikin jinin yakan karya gadar, abin da ya fito kuma ya hallaka ƙwayar cutar. In aka cire oksijin ɗaya daga gadar, maganin ya tashi aiki. Zafi da laima suna lalata magunguna irin waɗannan, shi ya sa kwalayensu da yawa ke ɗauke da gargaɗin kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. Mu kuwa mun san abin da rana ke yi a watan Maris da Afrilu. Saboda haka maganin da ya wuni a kan tire cikin rana a tasha, ko da na gaske ne, ba abin dogara ba ne. Ku faɗa wa iyaye a gida.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya ce wannan ilmi na Turai ne kawai. A nan Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, malaman Kemistiri da na harhaɗa magunguna sun daɗe suna tato sinadarai daga itatuwan da kakanninmu ke magani da su, suna kuma dogara ga NMR na haidurojin da kabon domin su san siffarsu. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, wato NARICT. Dukansu tafiyar mota ce ta ɗan lokaci daga nan. Masu aiki a wuraren nan daga teburin aji irin naku suka tashi.

Mun lura kowace shekara wasu masu ƙwazo suna gudun ajin kimiyya saboda tsoron lissafi, musamman 'yan mata. Ku duba abin da muka yi amfani da shi a wannan darasi: kaso cikin ɗari, ninkawa, da teburin cos. Ba wanda ya fi ƙarfin ɗan babban aji ɗaya. Iyaye kuma muna roƙonku, in yaro ya dame ku da tambaya, kada ku ce ya cika surutu. Mai tambaya ba ya ɓata.

Tambayoyi domin hutu

1. Farasitamol shi ne C8H9NO2. Kashi nawa cikin ɗari na nauyinsa ne oksijin?
2. Me ya sa na'urar NMR ba ta jin oksijin-16?
3. In oksijin-17 yana yin megahaz 54 a tesla 9.4, nawa zai yi a tesla 18.8?
4. Me ya sa narkar da ƙwayar magani ba zai nuna mana jerin molekul ɗinta ba?

Ku rubuta amsoshin a takarda, ku kawo ofishin malaman kimiyya a makon farko na sabon zango. Allah ya ba mu hutu lafiya.